Kowace Cuta da Garinsu: Tarihin Inshorar Kare da Kyanwa

A shekarar 1924 wani kamfanin inshora a ƙasar Suwidin ya shigar da kare cikin littafinsa a karon farko, ya ɗauki alkawarin biyan diyya in wani abu ya same shi. Kamfanin ya daɗe a harkar dabbobi, domin tun 1890 wani mutum mai suna Claes Virgin ya kafa shi saboda dawaki da shanun manoma, kuma shi ne yau aka sani da Agria. Bayan shekara ɗari, kusan kare tara cikin goma a Suwidin suna da inshora, Birtaniya na biye da ita daga nesa, a Amurka kuwa ko kashi 10 cikin 100 ba a kai ba. An saba danganta wannan tazara da arziki ko da yawan son dabba, amma Amurkawa ba su fi mutanen Suwidin talauci ba, ba kuma su gaza su wajen tattalin karnukansu ba. Tarihin sana'ar yana nuna wani dalili da ya fi wannan zurfi. Inshora tana iya ɗaukar tsautsayin da ke faɗa wa gida ɗaya yau, gobe wani gidan. Cutar da ta zama 'yar gari kuwa, wadda ke zaune a ƙasar wuri da ruwansa da ƙwarinsa, ko wadda ke shigowa ta kwashe kowa lokaci guda, ta fi ƙarfinta. A duk inda inshorar dabbobi ta yi saiwa, za a tarar hukuma da likitocin dabbobi sun riga sun share mata fili.

Tushen abin yana wajen saniyar talaka. A ƙauyukan Ingila da arewacin Jamus, tun kafin kamfanoni su shigo, masu saniya ɗaya ko biyu sukan haɗa ƙungiya, kowa na zuba 'yan kuɗi kaɗan lokaci zuwa lokaci. Kafin a karɓi saniya, sai wasu daga cikin 'yan ƙungiyar su je garken su duba haƙoranta da ƙafafunta da hantsarta, su yi mata kuɗi. In ta mutu wajen haihuwa ko cikinta ya kumbura ta faɗi, sai a ciro daga asusu a ba mai ita wani kaso na darajarta. Ba a cika ba shi duka ba, don kada ya yi sakaci da kiwo. Wanda ya san adashi ko gayya ba zai ga baƙon abu a nan ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abubuwa biyu suka riƙe wannan tsari. Na farko, maƙwabta sun san juna, babu mai iya shigo da saniyar da ke bakin mutuwa a ɓoye. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, shanu suna mutuwa ne ɗai-ɗai. Zubin mutum hamsin yana iya biyan asarar mutum biyu a shekara, muddin sauran arba'in da takwas ɗin shanunsu na tsaye da ƙafafunsu.

Shekarar 1865 ta nuna iyakar wannan lissafi. A watan Yuni cutar bushiya ta ɓulla a garken masu sayar da madara a Landan, bayan an shigo da shanu ta jirgin ruwa daga gaɓar tekun Baltik. Cikin 'yan watanni ta bi kasuwanni da layin dogo ta game ƙasar, ta fi yin ɓarna a yankin Cheshire mai yawan shanun tatsa, ta kashe shanu sama da dubu 200. Ƙungiyoyin ƙauye da kamfanonin da suka yi alkawarin biya suka wayi gari kowa na neman diyya a rana ɗaya, asusu ya ƙare, da yawansu suka durƙushe. Abin da ya tsayar da annobar doka ce da majalisa ta yi a watan Fabrairun 1866, wadda ta tilasta yanka shanun da suka kamu, ta taƙaita zirga-zirgarsu, ta kuma biya masu su daga kuɗin haraji. Zuwa 1867 cutar ta kau. Shekara ɗari kafin haka Sarki Firedirik na Biyu na Purushiya ya fahimci wannan, shi ya sa a 1765 ya wajabta wa masu shanu a yankin Silesiya shiga asusun kariya daga annobar, ba tare da ya bar wa kowa zaɓi ba. Daga nan aka samu rabon aiki da har yanzu ake bi: annoba ta hukuma ce, tsautsayi na kamfani ne.

Idan aka dubi Suwidin da wannan idon, za a ga Virgin ya yi shuka ne a gonar da aka riga aka yi wa sharar fage. Tun 1775 Peter Hernquist, ɗalibin masanin tsirrai Linnaeus, ya buɗe makarantar likitancin dabbobi a garin Skara, bayan ya yi karatu a Liyon ta Faransa inda aka kafa irinta ta farko a duniya. Daga 1886 ƙasar ta rabu da ciwon haukan kare. A 1889 aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasa, wadda ke rubuta asalin kowane kwikwiyo da iyayensa. A 1911 gwamnati ta buɗe cibiyar binciken cututtukan dabbobi, ta kuma riƙe likitocin gundumomi har a ƙauyukan arewa masu nisa. Sanyin ƙasar ma ya taimaka, domin tsutsar zuciya da cutar lishmaniya ba su samu wurin zama a can ba, ko da yake kaska da macijin ƙasar suna nan, musamman a kudu da bakin teku. Abin da ya rage wa kamfani shi ne karayar ƙafa, ciwon mahaifa, ciwon daji, kare ya haɗiye abin da bai kamata ba, wato irin asarar da ke zuwa a warwatse kuma ake iya ƙididdige ta. A 1972 aka ƙara kyanwa. Littattafan kamfanin suka yi kauri har masana a jami'ar aikin gona ta ƙasar suka yi amfani da su wajen nazarin abin da ke kashe karnuka sama da dubu 350 da ke da inshora tsakanin 1995 da 2000, jinsi bayan jinsi.

Wani sauyi kuma ya faru a tsakiyar ƙarni na 20 wanda ya canza abin da ake yi wa inshorar. Da tarakta ta kori doki daga gona, likitocin dabbobi da yawa a Turai da Amurka suka koma duba karnuka da kyanwoyin birni, suka ɗauko kayan aikin asibitin mutane: hoton ƙashi, maganin sa barci, tiyata, gwajin jini. Saniya in ta mutu an san kuɗinta a kasuwa, kuma a nan diyya ke tsayawa. Kare kuwa kuɗin jinyarsa na iya ninka kuɗin da aka saye shi sau da yawa, mai shi kuma ba ya son a musanya masa da wani. Sai inshora ta tashi daga biyan darajar dabba ta koma biyan kuɗin asibiti. A Birtaniya an sayar da takardar inshorar dabbobin gida ta farko a 1947, amma sai da Patsy Bloom ta kafa kamfanin Petplan a 1976, bayan ta sha kashe kuɗi a kan jinyar karenta, sannan abin ya bazu. A Amurka wani likitan dabbobi a Kalifoniya, Jack Stephens, ya kafa kamfanin VPI saboda ya gaji da yi wa dabbobin da za su iya warkewa allurar mutuwa don masu su ba su da kuɗin magani. Takardarsa ta farko a 1982 an rubuta ta ne da sunan Lassie, shahararriyar karyar nan ta talabijin.

Sai dai Amurka ƙasa ce mai faɗi, kuma kowane yanki da cutar da ke zaune a cikinsa. A jihohin kudu maso gabas, musamman fadamun kogin Misisipi inda zafi da danshi ba sa yankewa, sauro ne ke ɗauke da tsutsar zuciya daga kare zuwa kare. Cizo ɗaya ya isa. Bayan kamar wata shida 'ya'yan tsutsar sun girma sun tare a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya, farare, sirara kamar taliya, wasu tsawonsu ya kai santimita 30. Karen ya fara tari, ya riƙa haki bayan ɗan gudu kaɗan, ya rame, daga baya cikinsa ya tara ruwa. Maganin allura ce mai sinadarin asanik da ake yi a cikin naman gadon baya, sannan a tsare karen a keji na makonni, domin in ya yi guje-guje matattun tsutsotsin na iya toshe masa jijiyar huhu. A irin wannan wuri kare da ba ya shan kariya kusan tabbas ne zai kamu, kuma abin da ya kusa zama tabbas ba ya shiga lissafin asusun haɗaka. Da aka fito da ƙwayar kariya ta wata-wata a 1987, sai nauyin ya koma wuyan mai kare. Yawancin takardun inshora na yau da kullum ba sa biyan kuɗin wannan ƙwaya sai an ƙara zubi, wasu kuma ba sa biyan jinyar in aka gano an yi sakaci da ba da ita.

Haka labarin yake a sauran wurare, sunan cutar ne kawai ke canzawa. A arewa maso gabashin Amurka kaska ce ke yaɗa cutar Laim, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat inda aka lura da ita a jikin yara a 1975. A Arizona da kwarin San Joaquin na Kalifoniya wani naman gwari ne a cikin ƙasa, wanda kare mai tone-tone ke shaƙa tare da ƙura ya kamu da zazzaɓin kwari, ya yi watanni ko shekaru yana shan magani. A gaɓar gabashin Ostireliya akwai kaskar da dafinta ke shanye ƙafafun baya kafin ya kai ga numfashi. A ƙasashen Bahar Rum, kamar Sifaniya da Italiya da Girka, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo da dare ne ke kawo lishmaniya, wadda ake lallaɓawa amma ba kasafai take rabuwa da jikin kare ba. Wanda ya karanta shafin togaciya na takardun inshora zai ga sawun wannan taswira a ciki: ba a biyan cutar da dabba ta zo da ita, akwai kwanakin jira kafin alkawari ya fara aiki, ba a biyan cutar da ke da allurar rigakafi in ba a yi ba, kuma sau da yawa ba a biyan cutar da doka ta ce a kai rahotonta ga hukuma. Kowane layi a nan jikan darasin 1865 ne.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi a zamaninmu shi ne taswirar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Birtaniya ta shafe kusan ƙarni tana killace duk karen da ya shigo har wata shida saboda ciwon hauka. A shekarar 2000 ta sassauta, ta fito da fasfon dabbobi, a 2012 kuma ta janye sharaɗin yi wa kare maganin kaska kafin ya shigo. A 2016 aka samu karnuka a garin Harlow na yankin Essex ɗauke da babesiya, cutar da ke farfasa ƙwayoyin jini, alhali ba su taɓa fita ƙasar ba. Tsutsar huhu da kare ke samu daga dodon koɗi, wadda a da aka fi sani a Cornwall da kudancin Wales, yanzu ta kai har Sikotilan. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, an kwashe dubban karnuka daga Luwiziyana da Misisipi zuwa wasu jihohi har da Kanada, da yawansu da tsutsar a zuciyarsu, kuma yau babu jihar da ba a taɓa gano cutar a cikinta ba. A 2020 Ostireliya ta gano wata cutar kaska mai suna erlikiya a yankin Kimberley, wadda ba a san da ita a karnukan ƙasar ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da wani kamfani zai iya tarewa. Aikin kan iyaka ne, da ɗakin gwaji, da likitan da ke kai rahoton abin da ya gani.

Mai jayayya zai ce an ba cuta matsayin da bai kai nata ba, domin abin da ke ƙayyade zubi a zahiri shi ne jinsin dabba, shekarunta, da tsadar likitoci a unguwar mai ita. Wannan gaskiya ne. Mai kare a Landan yana biyan fiye da na ƙauyen arewacin Ingila saboda haya da albashi sun fi tsada, kuma kare mai dakakkiyar fuska irin buldog, wanda aka haifa da matsalar numfashi, ya fi karen da jininsa ya gauraya tsada ko a ina yake. Haka kuma yawan masu inshora a Suwidin yana da alaƙa da al'adar masu kiwo ta miƙa kwikwiyo ga mai saye da takardarsa a hannu, da kuma daɗewar da aka yi ana sana'ar. Amma wannan jayayya tana kallon farashi ne ta bar sharuɗɗa. Kamfani yana iya sa wa jinsi da shekaru kuɗi ne saboda haɗarinsu a warwatse yake kuma yana da alƙaluma a kansa. Haɗarin da ya taru a wuri ɗaya kuwa, sau da yawa ba a sa masa farashi, ana tura shi ne shafin togaciya ko a ɗora wa mai dabba sharaɗin kariya. Rashin ganin cutar yanki a jikin farashi shaida ce cewa wani ya riga ya ɗauki nauyinta, ko hukuma ko aljihun mai kare.

Jayayya ta biyu ta fi ƙarfi: cewa inshora ta zama hanyar tatsar mutane, tana ƙarfafa asibitoci su tsawwala kuɗi, sannan ta zame ranar biya. Akwai hujja a nan da bai kamata a raina ba. A Birtaniya manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin dabbobi, alhali a 2013 rabonsu kusan kashi 10 ne, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta buɗe cikakken bincike a kan harkar a 2024. A Amurka koke-koken masu dabbobi kan ma'anar "cutar da aka zo da ita" ne suka sa Kalifoniya ta yi doka a 2014 da ta tilasta wa kamfanoni bayyana togaciyarsu a fili, sannan a 2022 ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohi ta fitar da daftarin da sauran jihohi za su kwaikwaya. Abin lura shi ne duk waɗannan gyare-gyare daga hukuma suka fito. Ƙungiyar saniya ta ƙauye ba ta buƙaci irinsu ba, domin mai zubi da mai biya mutum ɗaya ne, kuma sun san juna. Da aka rasa wannan sanayya, dole doka ta maye gurbinta. Ba banza ba ne Agria a yau take ƙarƙashin Länsförsäkringar, gamayyar kamfanonin yankuna waɗanda masu zubin ne suka mallake su, tsarin da ya yi kusa da manufar takaful da aka fara aiwatarwa a Sudan a 1979.

Jayayya ta uku ita ce wadda mai karatu a ƙasar Hausa zai fi saurin yi: mene ne ruwanmu da inshorar kare, alhali mutane ma ba su samu ta kansu ba? Amsar tana cikin tarihin nan. A daidai shekarun da Virgin ke buɗe littafinsa, bushiyar da ta shigo Afirka ta gaɓar Bahar Maliya a 1887 ta iso yammacin nahiyar ta share garken Fulani, kuma babu wani asusun zumunci da zai iya tsayawa a gabanta. A 1924, shekarar da aka rubuta karen farko a Suwidin, aka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom, aikinta na farko kuwa yaƙi da wannan cuta ne. Allurar rigakafi da haɗin kan ƙasashe ne suka kai ga shelar kawar da bushiya daga duniya a 2011. Makiyayin da ke kauce wa dajin ƙudan tsando saboda sammore ya daɗe da sanin cewa kowace cuta da garinsu. Ciwon haukan kare har yanzu yana kashe mutane kimanin dubu 59 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma masana sun tabbatar in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwarsa na yankewa. Lafiyar kare a nan lafiyar yaron da ke wasa a ƙofar gida ce.

Saboda haka jerin matakan da tarihi ya bi shi ne abin ɗauka. Suwidin ta yi makarantar likitoci, ta kori ciwon hauka, ta yi rajistar karnuka, ta kafa ɗakin gwaji, sannan aka rubuta takardar 1924. Duk ƙasar da ta juya wannan jeri, ta fara da sayar da takarda, za ta ƙare da ɗayan biyu: kamfanin da zai karye ranar da annoba ta zo, ko takardar da togaciya ta cinye alkawarinta. Mai kare a Arizona ko Misisipi ko Essex, kafin ya tambayi nawa ne zubi, abin da ya fi masa amfani shi ne ya tambayi likitan garinsu wace cuta ce 'yar gida a nan, sannan ya nemi sunanta a shafin togaciya. Inshora tana da ranarta, domin ta hana iyalai da yawa kashe dabbar da za ta warke saboda rashin kuɗin tiyata, kuma wannan alheri ne na gaske. Amma rufi ce, ginshiƙanta kuwa su ne allurar da aka yi wa karnukan unguwa baki ɗaya, da jami'in da ke duba dabba a kan iyaka, da likitan gunduma da ya ɗauki jinin kare mai zazzaɓi ya aika ɗakin gwaji kafin cutar ta kai gida na gaba.